Mai Agogo Ya Je Sayen Madubi

Kawu ba ya kallon abu da ido biyu. In dai abin ya kai a tsaya a duba shi da kyau, sai idonsa na hagu ya rufe da kansa, kamar an saki labule. Haka yake yi in zai karanta saƙo a waya, haka in zai zare sartse daga yatsa, haka ma in ya tsura wa mutum ido yana so ya gane ko gaskiya yake faɗa. Mutanen gidan ba su taɓa lura ba, sun saba da fuskar. Ni ma sai da na gama jami'a na dawo gidan da zama, ina jiran a kira ni aiki, sannan na gani. Na tambayi Inna, matarsa, ta ce, "Wane ido kuma? Ke dai ba kya magana, amma ba kya rasa abin gani."

Yayan mahaifiyata ne. A gida Kawu muke ce masa, a waje kuwa Mai Agogo, har yaran da ba su taɓa ɗaura agogo ba haka suke kiransa. Tun gemu bai fito masa ba aka kai shi koyon aiki wurin wani tsoho mai faɗa, wanda ya koya masa abu uku kafin ya bar shi ya taɓa ko da murfin agogo: ya maƙala gilashi a idon dama ya rufe na hagu, ya kafa gwiwoyin hannunsa a kan tebur, ya riƙe numfashi in zai ɗauki abu da hantsaki. Kawu ya ce watanni ya yi yana kwashe ƙwayar yashi daga wannan faranti zuwa wancan. In hannu ya tashi daga tebur, sai ya ji ranƙwashi. Gilashin da aka ba shi mai ƙaramar lamba ne, irin na 'yan koyo. Mai babbar lamba yana aljihun maigidan, kuma ranar da aka miƙa masa irinsa, ranar ya san ya zama mutum.

Shagonsa a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, tsakanin mai sayar da magani da mai yanka makulli. In ya ware hannuwa yana taɓa bango biyu. Akwai fitila mai lanƙwasasshen wuya, akwai akwatin gilashi cike da agogunan da masu su ba su dawo sun karɓa ba, da 'yan aljihunan tebur masu ɗauke da abubuwan da in ka yi atishawa sun tafi ke nan. Masu hawa bene suna zubo masa ƙura a kai, shi ya sa ya manna leda a rufin. A nan ya yi shekara arba'in da 'yan kai. Daga kan wannan kujera ya yi aure, ya gina ɗakuna uku a bayan gari, ya kai ɗansa tilo makaranta. In an kawo agogo ba ya fara buɗewa. Sai ya kara shi a kunne ya yi shiru, sannan ya ce wa mai shi, "Wannan ya sha ruwa," ko "Wannan faɗuwa ya yi, kada ka ce min a'a." Game da idanunsa kuwa, yakan ce na dama ne ma'aikaci, na hagun ɗan rakiya ne.

Ba rana ɗaya aikin ya mutu ba. Waya ta zo da lokaci a fuskarta, sai gyara ya koma canjin batir da canjin maɗauri. Daga baya hannunsa ya fara ɗan rawa, kaɗan dai, sai ka ga shayi yana motsi a kofi sannan ka gane. Likita kuma ya ce yanar ido ta fara taruwa masa a na dama, a jira ta nuna sannan a cire. Kawu bai yi wa kowa ƙorafi ba. Ya kwashe kayan aikinsa a akwati, ya miƙa wa mai ginin makulli, wani mai sayar da rigunan waya ya shiga wurin.

A bayan gidan akwai ɗan fili, sai katanga, bayan katangar kuma wani kango da mai shi ya kewaye ya manta da shi. Bishiyoyi sun cika shi, ruwan kwata yana bi ta gefe. A ɗan filin nan Kawu ya ajiye farar kujerar roba. Da farko zama kawai yake yi don ɗaki ya ishe shi. Amma kunnen da ya saba da sauraron agogo ba ya zama haka nan. Cikin 'yan watanni ya rarrabe kukan tsuntsayen wurin ɗaya bayan ɗaya. Kurciya da hankaka da gwara ya san su tun da. Sauran sai ya raɗa musu suna da kansa. Akwai Mai Latti, da ba ya farawa sai rana ta ɗaga. Akwai Ƙararrawa. Akwai kuma wanda ya tsaya masa a rai, wani da ke kuka daga can cikin ganyen babbar bishiyar da ke jikin katanga, tik, tik, tik, ba sauri ba jinkiri, ya daɗe yana yi kafin ya huta. Kawu ya sa masa Mai Daƙiƙa. Ya ce duk agogon da ya taɓa gyarawa babu wanda ya kai shi daidaito, kuma yana so ya ga fuskarsa. Kullum sai ya miƙe ya ɗaga kai ya rufe idon hagu, ba ya ganin komai sai ganye.

Maƙwabcinsa, wanda kowa ke kira Direba don manyan motoci ya tuƙa har ƙarfinsa ya ƙare, shi ya kawo maganar madubin hangen nesa. Tare suka girma, ba sa gaisawa sai da tsiya.

"Tsofai-tsofai da kai kana leƙen tsuntsu kamar mage," in ji Direba ta kan katangar da ke tsakaninsu. "Ka je kasuwar tsofaffin kaya ka sayi madubi irin na sojoji, ka huta mu huta."

"Kai ka san madubi? Na gefen mota ma wani ke gyara maka."

"To zauna nan, wuyanka ya ƙage."

Ranar da za su tafi Inna ta ce min, "Tashi ki bi su, kada tsofaffin nan su sayo mana rigima." Na bi su a baya.

Mai kayan ya baje madubansa a kan tebur, tsakanin tsofaffin rediyoyi da duwatsun guga. Kawu bai fara da leƙawa ba. Ya ɗauki kowanne ya juya, ya duba sukurorin, ya lanƙwasa tsakiyar ya ji tsaurinta, ya girgiza a kunne. Sannan ya tambayi lambobin da ke jiki. Mai kayan ya ce ta farko ita ke nuna yadda madubi ke jawo abu kusa: wannan sau bakwai, wannan sau goma, wancan baƙin ƙaton sau ashirin.

"Ba ni ashirin ɗin," in ji Kawu. "Ƙaramar lamba ta 'yan koyo ce."

"Haka ne," in ji Direba. "Mota ma babbar ita ce mota."

Sai Kawu ya ja benci ya zauna, ya kafa gwiwoyin hannunsa a kan teburin mai kayan, ya riƙe numfashi, ya rufe idon hagu, ya leƙa allon wani shago da ke can ƙarshen layi. Ya karanta lambar wayar da ke ƙasan allon tsaf. Direba ya tafa. Aka naɗe madubin a jarida muka dawo.

Washegari da safe ya fita bayan gida da shi a wuya. Babu tebur a can. Yana ɗaga shi sama a tsaye, bishiyar ta hau rawa. Ganye biyu ko uku kawai ke shiga cikin da'irar, su ma ba sa tsayawa wuri ɗaya, ga duhu-duhu kamar magariba ta kawo jiki. Mai Daƙiƙa yana ta yi a samansa. Kafin ya lalubo reshen hannuwa sun gaji, ya sauke. Ya sake ɗagawa. Ko kurciyar da ke zaune a fili kan wayar wuta sai ya yi ta yawo a sararin sama kafin ya same ta, in ya same ta kuma tana tsalle kamar tana bayan mota a hanya mai gargada. Ya yi kwanaki yana gwadawa. Rannan ya shigo, ya ɗora madubin a saman kabad, ya ce wa Inna, "Ido ya tafi, hannu ya bi shi. Shi ke nan."

Daga nan kujerar roba ta zauna ita kaɗai. Kawu ya koma ɗaki, ya rufe taga wai iska tana damunsa. Ya rage cin abinci. Direba ya yi ta kiransa ta katanga, yana tambaya ko magen ta mutu ne, ba amsa.

Ɗan nasa, wanda nake ce wa Yaya, ya daɗe yana so iyayen su koma wurinsa, a can saman wani dogon gini inda taga ke kallon bangon wani ginin. Ya ce akwai asibiti kusa, akwai babbar talabijin, a ba da hayar gidan nan. Kullum Kawu cewa yake, "Ni ba kaya ba ne da za a ɗora a kanta." Wannan karon da Yaya ya bugo, sai na ji Kawu ya ce, "Ku yi yadda kuka gani." Inna ta ajiye wayar, ta daɗe tana kallonsa. Yaya ya ce zai turo mota ƙarshen wata.

Ina share saman kabad ne na sauko da madubin. Na fita da shi bayan gida na leƙa da ido biyu, yadda kowa zai yi. Turken wutar da ke gefen kango ya zama biyu, ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo. Nan da nan kaina ya sara. Hannuna kuma, da babu abin da ke damunsa, shi ma sai da ya sa turakun rawa.

Na kwana biyu ina juya yadda zan faɗa. Wata safiya yana shan shayi na ce, "Kawu, madubin nan abu biyu yake nunawa."

"Biyu? Ni ɗaya nake gani."

"Ai da ido ɗaya kake kallo."

"To da nawa ake kallo?"

Inna ta fashe da dariya, sannan ta dubi fuskarsa da kyau. A daidai lokacin ni yake harara, idon hagu a rufe. Dariyar ta tsaya. "Ikon Allah," ta ce. "Malam, ashe gaskiyar yarinyar nan ce."

"Ni ma a hannuna rawa yake yi," na ce. "Ba naka kawai ba ne."

Ya ce in miƙo masa madubin da akwatin aikinsa. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a teburin cin abinci, ya kwance shi. Ya ɗauki lokaci, sukuru ɗaya ma ya faɗi sai da Inna ta sa tsintsiya. A ciki ya tarar gilashin ɓangaren hagu ya goce daga mazauninsa, wani ya taɓa liƙe shi da gam, gam ɗin ya bushe ya tsage. Wato ɓangare ɗaya tun can a karye yake, kuma shi ne ɓangaren da bai taɓa leƙawa ba.

Ba murna ya yi ba, haushi ya ji. "Ni za a sayar wa aikin gam?" ya yi ta faɗa. "Ni?" Da yamma ya fita ya buga katanga, ya gaya wa Direba shawararsa ta banza ce tun suna yara. Direba ya ce ai ba shi ya rufe masa ido ba.

Na tambayi inda ake sayar da na kirki, aka kwatanta min wani shagon kyamarori a saman wani rukunin shaguna. Kawu ya ce zai je, amma sau ɗaya. "In wannan ma rawa ya yi, kada wanda ya sake yi min maganar tsuntsu. A turo motar." Direba ya ce dole ya bi mu ya ga ƙarshen abin.

Mai shagon mace ce, ta ɗan manyanta, tabarau na rataye a wuyanta da igiya. Ta saurari Kawu har ya gama, ba ta katse shi ba. Sannan ta fito da madubai uku ta jera. Kawu ya ja kujera zai kafa hannu a kan kanta.

"A'a, Baba, tashi. Tsuntsu ba ya zuwa da tebur. Mu je baranda."

Barandar tana kallon filin ajiye motoci, ga tattabaru a kan rufin ginin da ke gaba. Ta miƙa masa na farko.

"Wannan lamba nawa?"

"Takwas."

Ya mayar mata. "Na 'yan koyo ne. Ba ki da ashirin?"

"Ina da shi, amma a kan ƙafa uku ake girke shi, ba a riƙewa a hannu. Duk yadda madubi ya jawo abu, haka yake jawo rawar hannu, kuma ya rage maka faɗin abin da kake gani. Wane aiki ka yi, Baba?"

"Gyaran agogo. Tun ba a haife ki ba."

"A tsuntsu fa? Shekara nawa?"

Kawu ya fara ƙirga watanni da yatsu.

"To ai ɗan koyo ne kai," ta ce, ko murmushi ba ta yi ba.

Direba ya dafa ƙarfen baranda yana dariya har da tari. "Faɗa masa, Malama! Mu mun faɗa ba ya ji."

"Kai da ka ce babbar mota ita ce mota?" in ji Kawu. "Rufe min baki."

Amma ya karɓa. Ta nuna masa yadda zai lanƙwasa tsakiyar har da'irori biyu su haɗe su zama ɗaya. Ya ce shi tun can ɗaya yake gani. Ta matso ta leƙa fuskarsa ta gefe.

"Buɗe na hagun."

"A buɗe yake."

"A rufe yake, Baba."

Ya sauke madubin, idon ya buɗe. Ya ɗaga, ya rufe. Ya sake, haka dai. Da zarar madubin ya taɓa girarsa sai fatar idon ta sauka, bai ma san ta yi ba. "Wannan ɗan rakiya ne," ya ce, muryarsa ta ɗan yi ƙasa. "Bai taɓa aiki ba."

"A tokare masa da tsinken ashana," in ji Direba.

Matar ba ta kula shi ba. Ta sa tafin hannunta ta rufe gilashin gaba na ɓangaren dama, ta yadda in bai buɗe na hagun ba duhu kawai zai gani. "Yanzu nemo min tattabarar da ke kusa da tankin ruwa. Murɗa wannan na tsakiya har ta fito."

An ɗauki lokaci. Gefen fuskarsa yana ta motsi kamar mai ƙoƙarin tuna sunan wani. Can sai yatsansa ya tsaya.

"Yatsanta ɗaya a guntule yake," ya ce.

"Da wane ido ka gani?"

Ta mayar da hannunta ɓangaren hagu, ta nuna masa wani zobe da ke jikin mazaunin idon dama, ta ce don mutanen da idanunsu ba su zo ɗaya ba aka yi shi, wato kusan kowa. Ya murɗa har inda tattabarar ta fi fitowa. Ya ce akwai hazo. Ta ce wannan aikin likita ne, ba na shago ba. Sannan ta janye hannunta gaba ɗaya.

Idon hagun ya rufe. Ya yi tsaki, ya sauke, ya ja numfashi. Ta ce kada ya kalli madubin, ya kafa idanunsa biyu a kan tattabarar tukuna, sannan ya ɗago madubin ya same su a can. Ta ce kuma ya daina riƙe numfashi, ya matse gwiwoyin hannu a jikin haƙarƙarinsa, shi ne teburinsa yanzu. Ya gwada ya sake gwadawa, har idon ya yarda ya zauna a buɗe.

Ya daɗe yana kallon tattabarar.

"Abin yana da ciki," in ji Kawu daga baya. "Tattabarar tana gaba, tankin yana baya, akwai fili a tsakani." Ya sauke ya kalli rufin, ya sake ɗagawa. "Ashe ɗan rakiyar ya fi ma'aikacin gani."

Duk da haka bai saki maganar lamba ba. Ya ce a ba shi na goman ya gwada, tsakiya ke nan, ba yabo ba fallasa. Ta ba shi. Wata mota ta danna hon a ƙasa, tattabarun suka tashi, ta ce ya bi ɗaya. Da na goman ya ɓatar da ita kafin ta kai ƙarshen rufin. Da na takwas ɗin ya bi wata har ta yi kwana ta dawo ta sauka. Sannan ya riƙe kowanne a ido na ɗan lokaci, a tsaye. Ni da ke gefe ina ganin bakin na goman yana kaɗawa. Shi ma ya gani daga ciki.

Na ukun ƙarami ne, mai shiga aljihu. Ta ce ba shi da nauyi, amma gilasan gabansa ƙanana ne, abin da lamba ta biyu ke nunawa ke nan, kuma a inuwar ganye da sassafe ba zai tara masa haske ba. Na farkon arba'in da biyu ne, wannan bai kai talatin ba. Kawu ya leƙa ƙarƙashin wata rumfa da shi, ya mayar.

"Ba ni na 'yan koyon," ya ce.

Kafin ya biya sai da ya juya shi, ya duba sukurorin, ya kara a kunne ya girgiza. Matar ta bar shi ya gama. Ta haɗa masa da ɗan ƙyalle, ta ce da shi kawai za a riƙa goge gilashin. A hanya Kawu ya ɗora kwalin a cinya ya riƙe da hannu biyu. Direba kuwa ya fara koya wa mai tasi tuƙi.

Ba washegari ya ga tsuntsun ba. Kwanakin farko kurciyoyi ya yi ta bi, yana koyon ɗaga madubi ba tare da ya kawar da ido ba. Sau da yawa in na leƙa ta tagar kicin sai in ga na hagun ya koma a rufe, can sai ya yi tsaki ya sauke ya fara daga farko. Inna ta ce in bai yi hankali ba maƙwabta za su ce leƙen gidajensu yake yi. Ya gano Mai Latti tsuntsu ne mai doguwar jela. Ya gano Ƙararrawa su biyu ne, karɓa-karɓa suke yi. Mai Daƙiƙa dai yana cikin ganye yana aikinsa. Ƙarshen wata yana matsowa, Inna ta fara tambayar inda za a samu kwalayen zuba kaya. Kawu bai ce a samo ba, bai ce a bari ba.

Wata safiya ina shanya ya ce min, ba tare da ya sauke madubin ba, "'Yar boko, zo nan. A hankali."

Ya miƙo min, ya ce in bi babban reshe zuwa inda ya rabu biyu, in hau na dama. Sai da na laluba. Wani ɗan tsuntsu ne, toka-toka, cikinsa ya ɗan fi haske, babu wani ado a jikinsa. Duk tik ɗin da zai yi sai maƙogwaronsa ya kumbura, jelar ta ɗan girgiza.

"Kin gan shi?"

"Na gan shi, Kawu."

Ya karɓa ya sake dubawa, idanu biyu a buɗe, har tsuntsun ya tashi ya faɗa kango.

"Duk wannan suna, bai kai babban yatsana ba," ya ce. "Ko kyau ba shi da shi." Ya fara goge gilashin da bakin rigarsa, sai ya tsaya, ya laluba aljihu ya ciro ƙyallen. "Gobe zan ga ko yana da mata."

Direba ya leƙo ta katanga ya tambaya ko an kama ɓarawon. Kawu ya ce an gan shi, kuma duk muninsa ya fi Direba kyau.

Da rana Yaya ya bugo kan maganar mota. Kawu ya karɓi wayar daga hannun Inna, ya ce a bar motar, ɗakin da aka gyara musu kuma a zuba kaya a ciki. Ya ce zai zo dai in lokacin aikin ido ya yi, ya kwana biyu ya dawo. Yaya ya fara bayani, Kawu ya ce masa, "Na ji. Ka gai da yara."

Bayan la'asar ya karɓi man keken ɗinkin Inna, ya durƙusa a ƙofar baya, wadda ke ƙara duk sa'ad da aka tura ta har tsuntsaye su tashi, ya ɗiga a kan ƙarafan da take juyawa a kai. Ya buɗe ya rufe, ya buɗe ya rufe, har ta daina kuka. Sannan ya goge hannu, ya mayar wa Inna da kwalbarta.